Masu Walda a Azare da Katagum: Yadda Za a Shawo Kan Cunkoson Kiran Masu Neman Gyaran Ƙofa

A duk shekara, da zarar iskar farkon damina ta fara kaɗawa a arewacin jihar Bauchi, wayoyin masu walda da ke gyaran ƙofofin ƙarfe kan daina hutawa. Wani get ɗin gidansa ne ya ɓalle daga jikin ginshiƙi, wani ƙofar shagonsa ta naɗi ce ta maƙale a tsakiya, wani kuma motarsa ce a cikin gareji ƙofa ta ƙi buɗuwa ga shi yana da tafiya. Kowannensu so yake a zo masa nan take, alhali shagon da suke kira yana da injin walda ɗaya ne da hannaye kaɗan.

Lamarin ya wuce batun jin daɗi. Magidancin da get ɗinsa ba ya rufuwa zai kwana ido biyu saboda iyalinsa da abin hawansa, ɗan kasuwar da ƙofar shagonsa ta lalace kuwa ko dai ya kwana gadin kayansa ko ya rasa cinikin ranar. Shi ma mai walda yana da abin da zai rasa. Waɗannan 'yan makonni na rububi su ne kan kawo masa kaso mai tsoka na abin da zai samu a shekara, kuma a cikinsu ne sunansa kan gyaru ko ya ɓaci. Wanda ya kira sau uku ba a ɗauka ba zai nemi wani, kuma da wuya ya dawo.

Inda buƙatar ke fitowa

Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum kuma mazaunin Sarkin Katagum, tun bayan da aka dawo da fadar masarautar daga tsohon garin Katagum a farkon ƙarni na 20. Ita ce gari na biyu a girma a jihar bayan birnin Bauchi, kuma tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri. Garin Katagum kansa, wanda Malam Ibrahim Zaki ya mayar da shi cibiyar masarautar a farkon ƙarni na 19, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki a yau, yana kusa da kogin Jama'are.

Zaman Azare cibiyar kasuwanci da ilimi da kiwon lafiya ya sa gine-gine ke ƙaruwa a cikinta. Akwai babban asibitin gwamnatin tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka amince da kafawa a shekarar 2021, ga kuma jami'ar jihar da ke Gadau ba nisa. Ma'aikata da 'yan kasuwa na gina gidaje masu katanga da get ɗin shigar mota, ana kuma jera sababbin shaguna a bakin titi. Kowace irin wannan ƙofa aiki ce ga mai walda sau biyu: ranar ƙera ta, da ranar da za ta nemi gyara. Masu sana'ar a Azare kuma ba mutanen garin kaɗai suke yi wa aiki ba, domin ana kiransu daga Jama'are da Misau da Yana da Giade da Gamawa da Itas da ƙauyukan da ke tsakani.

Kalandar rububi

Cunkoson kira ba ya zuwa bagatatan. Yana bin yanayi da aljihun jama'a, don haka ana iya hango shi tun kafin ya iso.

Lokaci na farko shi ne ƙarshen bazara da faɗuwar damina, daga watan Mayu zuwa Yuni, lokacin da hadari kan zo da iska mai ƙarfi. Ƙarfin da iska ke danna bango ko ƙofa da shi ba ya ƙaruwa daidai da saurinta kawai: idan sauri ya ninka sau biyu, dannawar kan ninka sau huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 70 a sa'a na iya danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya haura kilogiram 20. Ke nan get mai faɗin mita 4 da tsawon mita 2 da rabi, wanda aka lulluɓe da falankin ƙarfe babu inda iska za ta wuce, zai ɗauki dannawar da ta haura kilogiram 200. Wannan nauyi duka kan hinji da sakata yake sauka. Idan walda ta yi rauni ko tsatsa ta ci wurin, nan ne zai tsinke. Shi ya sa hadari guda kan lalata ƙofofi da dama a unguwa ɗaya cikin dare ɗaya, washegari kira ya taru a kan mutum ɗaya.

Lokaci na biyu shi ne tsakiyar damina, Agusta zuwa Satumba. A nan ruwa ne ke ɓarna. Yana zaizaye gindin ginshiƙi har ya karkata, ƙyauren get biyu su daina haɗuwa. Yana cika layin da get mai taya ke bi da yashi da laka, yana kuma kwanciya a ƙasan ƙofa inda tsatsa ke fara ci. A shekarun da ambaliya ta yi tsanani, kamar 2022 lokacin da ta shafi yankunan Zaki da Gamawa, ko watan Agustan 2024 da ruwa ya yanke wani sashe na hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum, matsala kan zama biyu: buƙatar gyara ta ƙaru, hanyar kawo ƙarfe da ta zuwa wurin aiki kuma ta yi wuya.

Lokaci na uku shi ne kaka da farkon rani. Idan gero da wake da gyaɗa da riɗi suka shiga kasuwa, kuɗi kan shiga hannun manoma da 'yan kasuwa, gine-ginen da aka dakatar saboda ruwa su ci gaba, bukukuwan aure su yawaita. Kiran wannan lokaci ya fi karkata ga sabon aiki: get, ƙofar ɗaki, tagogi. Daga nan hunturu ya biyo da ƙurarsa, wadda kan cakuɗe da giris ta daskare a cikin boris da layin ƙofar naɗi, ƙofa ta yi nauyi ko ta cije.

Lokaci na huɗu shi ne gabanin Sallah, lokacin da kowa ke son gidansa ya fito fes. Wannan rububin ba ya tsayawa a wata guda na kalandar Miladiyya, domin shekarar Hijira ta gaza ta da kimanin kwana 11. An yi Babbar Sallah a Najeriya ranar 16 ga Yunin 2024, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. A waɗannan shekaru rububin Sallah ya faɗo daidai kan ɓarnar iskar farkon damina, cunkoso biyu suka haɗu a mako guda. Mai sana'ar da ya ajiye kalandar biyu gefe da gefe, ya kuma bibiyi hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, zai san makonnin da ya kamata ya ɗaura ɗamara.

Lissafin layi

Nazarin cunkoson kira ilimi ne mai zaman kansa, kuma daga wayar tarho ya samo asali. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kwapanhagan, shi ne ya fara wallafa bincike a kai a shekarar 1909. Abin da ya nuna shi ne kira ba ya zuwa a jere cikin tsari, yana zuwa ne a dunƙule, don haka layin da ke isa a matsakaiciyar rana zai toshe a sa'ar da jama'a suka yi yawa. A 1961 kuma Ba'amurke John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi da ta haɗa yawan masu jira da tsawon jiransu da kuma yawan aikin da ake kammalawa.

Ana iya gwada wannan a shagon walda. A ɗauka cewa shago na iya gama gyara 4 a rana, kuma a ranakun da babu rububi gyara 3 ke shigowa. Sai aka yi iska, kira 10 suka riƙa shigowa kowace rana har kwana 3. An karɓi aiki 30, an gama 12, saura 18. Ko da kira ya koma yadda yake a da, rarar ƙarfin shagon aiki 1 ce kacal a rana, don haka sai an yi kwana 18 kafin layin ya ƙare. Ɓarnar kwana 3 ta zama wahalar kusan mako 3. Amma da shagon zai ɗaga ƙarfinsa zuwa gyara 6 a rana bayan waɗannan kwanaki 3, rarar za ta zama 3, layin ya ƙare cikin kwana 6.

Lissafin yana kuma faɗa wa mai shago ranar da zai yi wa sabon mai kira alƙawari. Idan akwai aiki 18 a gaba kuma ana gama 4 a rana, wanda ya kira yanzu zai jira kwana 4 da rabi, a cike a ce kwana 5. Duk wanda aka ce masa "gobe" a irin wannan hali, an san tun farko cewa ba za a cika ba. Yawancin saɓanin da ke tsakanin masu walda da masu ba su aiki daga wannan kalma yake farawa, kuma kunya ce kan jawo ta, domin mai sana'a ba ya son ya ce wa babba ko maƙwabci ya jira. Sai dai wanda aka gaya wa kwana 5 aka zo masa a na 4 zai gode, wanda aka ce wa gobe aka zo a rana ta 3 kuwa zai riƙe abin a ransa, duk da cewa shi aka fi saurin zuwa wa.

Wa ke ɗaukar waya?

Mai walda ba zai iya riƙe sandar walda da waya a lokaci guda ba. Fuskarsa na bayan gilashin kariya, hannunsa na cikin safa, ƙarar janareta da injin yankan ƙarfe kuma ta cika wurin. Idan lambar shago ita ce wadda ke aljihun maigida, to a ranar da aka fi buƙatarsa ne ba za a same shi ba. Mataki na farko, wanda kuma ya fi kowanne araha, shi ne a ware layi guda na shago, a damƙa shi ga mutum ɗaya a makonnin rububi. Yana iya zama yaron shago mai natsuwa da ya iya rubutu, ko wani daga cikin iyalin maigida, tunda ɗaukar kira ba ya buƙatar zama a shagon.

Wayar hannu kanta tana da abin da zai taimaka. Danna *43# na kunna tsarin da ke sanar da shigowar kira na biyu yayin da ake kan na farko. Danna **67* sai wata lamba sai # na karkatar da kira zuwa waccan lambar idan layi na kan aiki, **61* kuma na yin haka idan ba a ɗauka ba, ko da yake kamfanin sadarwa kan caji kuɗin karkatarwar. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, tana ba da damar aje saƙon da zai amsa da kansa, da kuma yi wa kowane mai aiki alama, misali sabo, ko mai jiran farashi, ko wanda ya biya.

Akwai kuma batun filashin. Da yawa daga masu kira daga ƙauyuka kan yi filashin ne su jira a kira su, musamman tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Shagon da ya ware lokaci biyu a rana, da hantsi da kuma bayan La'asar, domin bin duk lambobin da ba a ɗauka ba, zai kashe kati kaɗan ya ceto ayyukan da suka fi katin daraja nesa ba kusa ba.

Mai ɗaukar waya na buƙatar littafi. Kowane kira ya samu layinsa: rana da lokaci, suna da lamba, unguwa da kwatance, irin ƙofar, abin da ya same ta, da ranar da aka yi alƙawari. Littafin makaranta mai shafi 80 ya isa. Amfaninsa bai tsaya ga hana mantuwa ba. Shi ne shaida idan gardama ta taso kan wanda ya riga wani, kuma bayan shekara guda zai nuna wa mai shago makonnin da kira ya fi yawa da irin gyaran da aka fi nema, ilimin da babu wanda zai sayar masa. Lambobin da ke cikinsa amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta hana amfani da su ta hanyar da masu su ba su yarda ba.

Ba duk kira ne gaggawa ba

Bin layi bisa wanda ya riga kira adalci ne a ranakun da aiki bai yi yawa ba. A ranar rububi kuwa yana iya sa a tafi fentin get alhali wani shago na buɗe da kaya a ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba aiki gida uku tun a waya.

Kashi na farko shi ne wanda ya shafi rai ko tsaro: get ɗin da ke rataye yana iya faɗo wa yaro, ƙofar gida ko shago da ba ta rufuwa, ƙofar asibiti ko makaranta ko kantin magani. Wannan a ranar ake zuwa. Kashi na biyu shi ne ƙofar da ke aiki da ƙyar amma tana rufuwa, wadda za ta iya jira kwana 2 ko 3. Kashi na uku shi ne sabon aiki da ado, wanda za a ba shi rana a mako mai zuwa. Tambayoyi kaɗan sun isa a gane inda kira ya faɗa: ƙofar na rufuwa? Akwai haɗarin faɗuwarta? Akwai mota ko kaya da suka maƙale? Idan aka bayyana wa masu kira wannan tsari a fili, galibi za su fahimta, domin kowa ya san wata rana shi ne zai kasance a kashi na farko.

Ga aikin gaggawa, ba dole ne a gama komai a zuwan farko ba. Ana iya ɗaure ƙyaure da sarƙa da kwaɗo, ko a ɗana walda ta wucin gadi a hinji cikin minti 20 domin gida ya rufu a daren, sannan a sa ranar cikakken gyara. Da haka mutum ɗaya a kan babur zai iya rufe gidaje da dama a yini guda. Haɗa ayyuka bisa hanya shi ma yana rage asara. Maimakon a je Katagum yau a koma jibi, sai a ware rana guda ga duk ayyukan da ke wannan shiyya, wata rana kuma ga shiyyar Jama'are ko Misau.

Hoto kafin tafiya, farashi kafin aiki

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. Zuwa duba aiki kawai ya zama abin da ke cin kuɗi. Idan mai kira ya turo hoto ko gajeren bidiyon wurin da ya lalace, mai walda zai san kayan da zai ɗauka da girman hinji ko tayar da ake buƙata, ya je sau ɗaya maimakon sau biyu. Wanda ba shi da babbar waya zai iya roƙon maƙwabci.

Farashin ƙarfe ma ba ya zama wuri guda, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023. Saboda haka yana da kyau a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a kuma faɗi kwanakin da farashin zai tsaya a kai. Kafin alƙalami haƙƙin mai sana'a ne domin sayen kaya, amma a nan ne tarko mafi haɗari yake. A lokacin rububi mai shago kan karɓi kuɗin mutum goma, ya sayi kayan na farko da kuɗin na biyar, ya biya bashi da na shida, har ya wayi gari ba kaya ba kuɗi. Kada a karɓi kafin alƙalamin aikin da ba a sa masa rana ba, kuma kowane kuɗi a ba da rasidinsa ko a tura ta banki domin a samu shaida. Game da ƙarin kuɗin gaggawa, babu laifi a caji aikin dare ko na nesa fiye da na kullum idan an faɗa tun a waya. Ninka farashi don an ga mutum a matse kuwa riba ce ta rana ɗaya, a garin da kowa ya san kowa.

Wuta, kaya da hannaye

Amsa waya da kyau ba zai yi amfani ba idan shagon ba zai iya aikin ba. Abu uku ke iyakance shi. Na farko wutar lantarki. Jihar Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma iskar da ke karya ƙofofi ita ce ke kayar da turakun wuta, don haka sau da yawa aiki kan yi yawa a daidai lokacin da babu wuta. A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Gyaran janareta da tanadin mai kafin watan Mayu na cikin shirin rububi. Ƙananan injinan walda na zamani marasa nauyi, waɗanda ake iya ɗauka a babur, sun sauƙaƙa aikin gida-gida.

Na biyu kaya. Da yawa daga kayan ƙarfe daga Kano ake sararo su, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Hinji da sakata da taya da boris da sandar walda da faifan yanka ba sa lalacewa idan an adana su a busasshen wuri, don haka sayensu kafin lokaci ya fi jiran ranar da kowa ke nema. Sandar walda dai ba ta son laima, idan ta jiƙa waldarta ba ta ƙarko.

Na uku hannaye. Tsofaffin yaran shago da aka yaye su ne mafi kusa da za a kira a biya su bisa aiki na mako 2 ko 3. Haka kuma shaguna biyu ko uku na iya yin yarjejeniyar tura wa juna aikin da ya fi ƙarfinsu. Tura mutum wurin abokin sana'a amintacce ya fi riƙe shi da alƙawarin da ba za a cika ba, domin zai tuna wanda ya fitar da shi kunya. Abin da bai kamata rububi ya jawo ba shi ne tura yaron da bai ƙware ba shi kaɗai, ko yin walda a cikin ruwa ko a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda wuta ke iya kama mutum, ko barin gilashin kariya don sauri, abin da ke jawo ciwon idon da kan kwantar da ma'aikaci a ranar da aka fi buƙatarsa.

Darasi daga waje

A Amurka, inda C. G. Johnson ya ƙirƙiro ƙofar gareji mai ɗagawa sama a 1921 da injin buɗe ta na lantarki a 1926, gyaran irin waɗannan ƙofofi sana'a ce babba, kuma su ma suna da lokacin rububinsu. Nasu a lokacin sanyi yake zuwa. Sifirin ɗin da ke ɗauke nauyin ƙofar ana ƙera shi ne ya jure buɗewa da rufewa kimanin sau 10,000, kuma wanda ya gaji ya fi tsinkewa idan sanyi ya tsananta. Kamfanonin can kan ɗauki masu amsa waya na wucin gadi, su kuma tallata duba ƙofa tun kafin sanyi ya shigo. Yanayin ya bambanta, dabarar kuwa ɗaya ce: a jawo wani sashe na aikin rububi zuwa lokacin da hannu ke sake.

A yankin Katagum, wannan lokaci shi ne watannin Maris da Afrilu. Mai shago na iya buɗe littafinsa ya kira waɗanda ya yi wa aiki a baya, ya ba su duban ƙofa a farashi mai rahusa: a ƙarfafa waldar hinji, a kankare tsatsa a shafa fenti, a share layin taya, a wanke tsohon giris a sa sabo, a gyara hanyar ruwa a gindin ginshiƙi. Ga sabon get kuma, barin sarari a sama ko tsakanin ƙarafa domin iska ta wuce na rage nauyin da ke kan hinji. Kowace ƙofar da aka gyara a Afrilu kira guda ne da ba zai shigo a Yuni ba, kuɗi ne kuma da ya shigo a lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Ƙofar naɗi ta shago ita ma da sifirin take aiki, wanda ke naɗe da ƙarfi a cikin akwatin da ke samanta. Mai shagon da ya gaji da jira ya ce zai kwance da kansa na iya rasa yatsa ko ido. Mai amsa waya ya riƙa gargaɗin masu kira kan haka.

Nauyin da ke kan mai ƙofa

Shi ma mai ba da aiki yana da rawar takawa. Ƙofa ba ta faɗuwa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Takan fara ƙara, ko jan ƙasa, ko sai an ɗaga ta kafin sakata ta shiga. Wanda ya kira a wannan mataki zai biya kaɗan ya samu biyan buƙata da wuri. Sakaya ƙyauren get biyu sama da ƙasa idan hadari ya taso, da hana yara lilo a jikinsa, na ƙara masa shekaru. Faɗin gaskiya a waya ma wajibi ne, domin wanda ya kira ƙaramin gyara da sunan gaggawa ya tare wa wanda gidansa ke buɗe hanya.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai biyan kuɗin aiki haƙƙin a kammala masa a kan lokaci, a kuma sanar da shi da wuri idan an samu jinkirin da ba makawa. Wannan sanarwa ba ta cin komai sai kira guda. Mai waldar da ya ga ba zai iso ranar Talata ba, ya kira tun daren Litinin ya ce sai Alhamis, ya ba mai gida damar neman mai gadi ko wani ma'aikacin, ya kuma tsare mutuncinsa. Hukumomi irin su SMEDAN da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta NDE, waɗanda ke horar da masu sana'ar hannu, za su ƙara wa horonsu amfani idan suka haɗa koyar da walda da koyar da ajiye littafi, lissafin layi da sa ranar da za a iya cikawa, domin a watan Yuni waɗannan ne ke raba shagon da ya ci ribar damina da wanda ya fita da bashi da ƙorafi.